Masu jan taru na Grand-Popo

Mu mutanen Adar ba wanda zai koya mana hanyar bakin teku. Da an gama girbi an zuba hatsi rumbu sai ka ga tashar Tawa ta cika da samari kowa da jakarshi a kafaɗa, wanga Abijan wancan Lome, wani Kwatano wani Akara, haka kakanninmu sunka yi haka iyayenmu sunka yi kuma har gobe ba a daina ba. Amma abin da ke damuna shi ne, mutum sai ya daɗe ƙwarai a garin da teku ke bugawa bayan ɗakinshi dare da rana, in ya dawo gida kunka zamna fada ana shan shayi ka tambaye shi to su mutanen wurin yaya suke samun abincinsu cikin ruwan nan, sai ya ce maka shi dai kasuwa ya sani da masallacin zango da tashar mota. Wani ma ce maka zai yi ai arna ne masu bautar gunki, shi ke nan ya rufe magana. Ni wagga amsa ba ta gamshe ni ba, don na zamna da mutanen nan na ci kifinsu na ja igiya tare da su, kuma ina ganin haƙƙi ne a kaina in faɗi abin da idona ya gani.

Kawuna ƙanen mahaifiyata shi ke da ƴar butik a Grand-Popo, gare shi na yi biɗa. Garin na ƙasar Benin ne can ƙuryar kudu maso yamma, bisa gudron da ya tashi daga Kwatano ya nufi Lome, wajen kilomita 80 da ƴan kai daga Kwatano, in ka ƙara gaba kaɗan ka iso Hillacondji iyakar Togo. Daga nan Tawa kuwa tahiya ce ta sosai, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Gaya, ka ƙetare kogin Isa ka faɗa Malanbil, sannan Kandi, Paraku, Bohikon har Kwatano. Aikin da kawu ya ba ni shi ne in ɗaura kaya bisa moto in bi ƙauyukan bakin ruwa, sukari, ashana, sabulu, batir, zaren ɗinkin taru da ƙugiyoyi, to ta nan ne na saba da wani ɗan ƙauye da ke kan hanyar Avlo, wajen da kogin Mono ke zuwa ya faɗa teku, wurin da suke kira Bouche du Roy.

Ƙauyen fa bisa ƴar siririyar tungar rairayi yake. Ka tsaya tsakiyar gari ka dubi kudu teku ne, ka juya arewa ruwan kogi ne kwance da itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri saiwoyinsu a waje, tsakanin ruwan nan biyu wani wuri tahiyar ƴan mintoci ce da ƙafa. Bishiyoyin kwakwa ko'ina, ɗakuna wasu na bulo wasu na ganyen kwakwa da anka saƙa, rijiya ba zurfi amma ruwanta da ɗan gishiri-gishiri. Mutanen asalin wurin su ne Xwla, da wasu ke ce ma Pla ko Popo, da Xweda, akwai kuma Mina, sannan akwai masuntan da sunka zo daga Gana musamman mutanen wajen Keta, wasu an haife su nan sun tsufa nan amma har yau in anka yi rasuwa can suke komawa.

Abin da ya riƙe ƙauyen nan duka taru ne, kuma shi nake so in tsaya a kai sosai. Ba irin ɗan tarun da muke gani a tafkin Tabalak ba ne, wanga sai ya kai ɗaruruwan mitoci tsawo ban da igiyoyinshi guda biyu, da katuwar jaka a tsakiya inda kifi ke taruwa, sama an jera abubuwan da ke sa shi yawo bisa ruwa, ƙasa kuma darma. Tun duku-duku ni ina fitowa daga sallar asuba su suna bakin ruwa sun riga sun jibga tarun cikin jirgi. Tashin farko ma shiga tekun shi ne babban haɗari, don bakin tekun wurin raƙuman ruwa na tasowa su yi tsayi su kife da ƙarfi dab da gaɓa, in jirgi ya shiga ba daidai ba juye shi suke yi da mutane da kaya. Sai ka ga mai riƙon baya ya tsaya shiru ya ƙura ma ruwa ido, samari sun dafa jirgi ruwa iya ƙugu ba mai magana, shi yana ƙirga raƙuman nan yana jiran manya su wuce, da ya ga saƙo sai ya buga tsawa guda, kafin ka ƙifta ido sun tura sun haye kowa ya kama filafili suna tuƙi iya ƙarfinsu. Wallahi ko kai da ke tsaye bisa tudu sai gabanka ya faɗi.

Kafin su tashi sun bar bakin igiya ɗaya an ɗaure ga gindin kwakwa. Jirgi ya yi nisa yana sakin igiya, sannan ya riƙa zuba tarun yana kewayawa, sai ya juyo ya nufo gaɓa can wani wuri nesa da inda ya tashi, wani saurayi ya kama bakin igiya ta biyu ya faɗa ruwa ya iyo da ita. Daga nan aiki ya koma na gari gaba ɗaya. Layi biyu ake yi, kowace igiya da mutanenta, maza da mata da tsofaffi har yaran da ba su tahi lakwal ba, kowa ya kama ya jingina baya ya kafa dugadugai cikin rairayi ana ja ana takawa da baya kaɗan kaɗan. Wanda ya kai ƙarshen layi sai ya saki ya zagayo gaba ya sake kamawa, can baya kuma akwai mai naɗe igiyar yana tara ta. Ga wani yana buga ƙarfe irin kugen nan namu, wani na ba da waƙa ana amsawa, kuma waƙar ba ta nishaɗi ba ce kawai, ita ke sa ƙafafu su taka tare, in kiɗa ya ɓace sai jan ya watse ka ji igiya ta yi nauyi ninki biyu. Haka za a yi ta yi awa da awanni rana na dukan ka, layukan nan biyu suna matsowa kusa da juna sannu sannu har su kusa haɗewa.

Da na fara kamawa igiyar nan jiƙaƙƙiya ga rairayi ga gishiri, kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, gishiri na shiga ciki. Wata tsohuwa da ke bayana ta dafa ni ta nuna mani yadda suke yi, ɗan ƙyalle ne ko guntuwar igiya suke ɗaurawa ga babbar igiyar su zagaya shi a ƙugu, sai jiki ya yi jan hannu na riƙo kawai. Ba ta jin Hausa ba ni jin Xwla, amma mun fahimci juna sarai. Gayya ce dai irin ta noma da munka sani a gida, sai dai tasu ba ta jiran damina, kusan kullum ce in ruwa ya yarda.

Lokacin da jakar ta kusa gaɓa nan ne hankalin kowa ke tashi, waƙa ta ƙara sauri, samari su faɗa ruwa su riƙe bakin tarun kar kifi ya tsallake, mata kuwa tuni sun jeru da manyan bahunan silba bisa kai. In Allah ya ba da sa'a sai ka ga jaka ta fito tana motsi da kanta, ƙananan kifin sardin da wasu ƴan mitsi-mitsi da ake shanyawa, da wasu manya masu dogon baki da haƙora, da ƙaguwa da jatan lande. Daga watan Yuli zuwa Satumba ne ruwan sanyi ke tasowa daga ƙarƙashin teku ya kawo abincin kifi sama, to lokacin ne sardin ke yawa, shi ne kakarsu. Amma na sha ganin ranar da mutum wajen hamsin sunka ja tun safe har azahar jaka ta fito rabi leda ce da robobi da ciyawar teku, kifin ciki bai cika baho biyu ba. Ranar ba ka jin waƙa, kowa ya ɗauki ɗan abin da ya samu ya kama hanya.

Rabon ma da tsarinshi. A tarun da na saba da shi mai tarun wani dattijo ne da kowa ke ce ma Baba, in an sayar da kifi anka fidda abin da anka kashe sai a raba kuɗi biyu, kashi ɗaya na mai taru da jirgi don shi ke gyara shi ke saye, kashi ɗaya na ma'aikatan da sunka yi alkawali da shi na shekara, kuma wanda ya shiga ruwa rabonshi ya fi na wanda ya tsaya tudu. Su kuwa masu taimakon ja, ko kai baƙo ne yau ka zo, ba ka tahiya hannu wofi, ana ɗibar maka na miya. Ranar farko da anka miƙo mani nawa na ce a bar shi ni don sha'awa na ja, sai Baba ya kira kawu ya ce ya faɗa mani da Hausa don in ji da kyau. Kawu ya ce, “Ɗana, karɓi. Cewa ya yi wanda ya taɓa igiya ya ƙi kifi to ya ce ke nan ba shi cikinsu.” Na ce, “To Kawu, a yi mani godiya wajen Baba,” na sa hannu biyu na karɓa. Gwauruwar da ba ta da ɗa namiji, tsohon da ƙarfi ya ƙare, maraya, duk ta wannan igiya suke samun abin sawa tukunya ba tare da sun yi bara ba, kuma ni a ganina wannan shi ne babban gadon ƙauyen, ya fi duk wani abin da ake nuna ma masu yawon buɗe ido.

Da kifi ya taɓa rairayi kuma ya fita hannun maza. Mata ne ke saye, mata ke yin banda, mata ke kai wa kasuwa, kuma maganar gaskiya su ke riƙe da kuɗin garin. Ko matar mai taru ce sai ta yi ciniki ta saya, ba kyauta. Bayan kowane gida akwai murhun banda na laka ko na rabin tano, da ragar waya bisa, ana hura wuta da ɓawon kwakwa da ganyenta, a jera kifi a juya a sake jerawa cikin hayaƙi har dare, idanunsu jajur kullum, da yawansu na fama da tari da ciwon ido. Akwai wani irin murhu mai faifai hawa-hawa da anka fara a unguwar Chorkor ta Akara wanda ke rage cin itace, wasu sun samu wasu har yanzu na da suke amfani da shi. In taru ya yage ko moter ya lalace ko ana biɗar kuɗin esansi, wajen matan nan ake zuwa rance, sharaɗi shi ne in kifi ya fito ita za a fara sayar ma. Mu ma a butik mun san haka, bashin da mace mai banda ta ɗauka ba mu fargabarshi, ranar kasuwar Comé in ta dawo za ta biya.

Jiragen nasu kuwa yawanci daga Gana ake kawo su, don can ne ake samun manyan itatuwan da ake kira wawa, gungume ɗaya ake fafewa ya zama gindin jirgi sannan a ƙara katakai a gefe a ɗaga shi. Kowane da fentinshi da tutoci da rubutu, wani ayar Baibul wani karin magana. Jirgi da taru da moter dukiya ce ta miliyoyin sefa, shi ya sa ba kowa ke da su ba, gado ake ci ko dangi su haɗa hannu.

Wani abin da ya ba ni mamaki gishiri ne. Da rani in ruwan fadama ya janye, mata na kankare ƙasar da gishiri ya fito bisanta su tara, su zuba cikin manyan kwanduna su kwarara ruwa, ruwan ya tsatso ta ƙasa, sai su jefa ƙwallon kwakwar manja ciki, in ya taso sama to ruwan ya yi ƙarfi, sannan a dafa shi cikin faranti har ya ƙafe ya bar farin gishiri. An fi sanin ƙauyen Djègbadji kusa da Wida da wannan sana'a amma wajen Grand-Popo ma ana yi. Duk wanda ya taɓa zuwa Dallol Foga wajen Gaya ya san haka ake yin gishirin Foga, tace ƙasa da dafawa, ga nisa ga bambancin harshe amma hikima ɗaya. Matsalar dai dafuwar na cin itace da yawa, kuma itacen da ke kusa shi ne na cikin ruwan nan, alhali cikin saiwoyinshi ne kifi da jatan lande ke hayayyafa.

Nan ne maganar addininsu ta shigo, kuma zan faɗe ta yadda take. Da yawansu vodun suke bi, wato addinin gargajiya na yankin, wasu kirista ne, wasu na haɗawa. Ni musulmi ne ban yarda da bautar wani abu ba bayan Allah, kuma ban taɓa zuwa wajen tsafinsu ba, su ma ba su taɓa matsa mani ba, hasali ma in lokacin salla ya yi ina ƙauyen matar Baba ke sa jikanta ya kawo mani ruwan alwala da tabarma. Amma na ga yadda dokar gargajiya ke tsare masu dukiya. Suna da dodon da ake kira Zangbeto, mai tsaron dare, an lulluɓe shi da zaren ganye tun daga sama har ƙasa, in anka kafa alamarshi a wani yanki na itatuwan ruwa to ba mai sa gatari wurin, abin da takardar gwamnati ba ta iya hanawa ba shi ya hana, har ƙungiyoyin kare muhalli sun gane haka suna aiki da dattawan gari. Akwai kuma ranakun da ba a shiga ruwa, masuntan Gana da yawa ba su fita teku ran Talata, ranar ce ta ɗinkin taru da gyaran jirgi da sasanta rigima. Mu ma ai muna da sarkin ruwa a wurarenmu, kuma Sarkawa da Sorko na kogin Isa suna da nasu ƙa'idoji na lokacin da ake buɗe kamun kifi da lokacin da ake rufewa. A shekarar 2017 UNESCO ta sa yankin bakin kogin Mono, ɓangaren Benin da na Togo, cikin wuraren da duniya ke kiyayewa saboda halittunsu.

A watan Janairu ana hutu a Benin na bikin vodun, bakin tekun Grand-Popo cika yake yi. Amma bikin da ya fi burge ni shi ne Nonvitcha, ƙungiyar zumuntar Xwla da Xweda wadda anka kafa tun 1921, kowace shekara lokacin Fentikos ta kirista duk ɗan yankin da ke Kwatano ko Lome ko Abijan ko Faransa sai ya yi ƙoƙari ya dawo gida, a yi anko a ci a sha a tattauna abin da za a yi ma gari. Ku duba fa, sama da shekara 100 ƙungiya na tsaye ba ta watse ba. Mu da muke da ƴan biɗa a kowace ƙasa ya kamata mu tsaya mu yi nazarin yadda sunka yi.

To sai dai ƙasar da duk wannan ke bisanta tana tahiya. Grand-Popo babban gari ne a zamanin Turawa, da kantunan ƴan kasuwar manja da ofisoshi, teku ya cinye mafi yawan tsohon garin, abin da ya rage a unguwar Gbécon ƴan kufai ne bango ya tsattsage. Baba ya taɓa kama hannuna ya nuna mani can cikin ruwa inda raƙuma ke karyewa ya ce nan gidan ubanshi yake da rijiyarsu da kwakwar da kakanshi ya dasa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rairayin bakin tekun nan tahiya yake daga yamma zuwa gabas, ruwa na kwashewa yana kuma kawo wani, to da anka gina madatsar Akosombo bisa kogin Volta a Gana a 1965 sai ta riƙe yashin da kogin ke kawowa, anka zo anka gina tashar jiragen ruwa ta Lome a 1968 ita ma ta tare wanda ke wucewa, sai ya zama gabas da Lome ruwa na ɗiba ba a mayarwa. Ga masu kwasar yashi da kamyo don gini, ga tekun kanshi na ƙaruwa saboda ɗumamar duniya. Ta baya kuma madatsar Nangbéto da anka gama bisa Mono a Togo a 1987 don samar da kuran ta canza tahiyar kogin, bakinshi na matsawa daga wuri zuwa wuri, in ruwa ya yi yawa wajen Satumba da Oktoba ƙauyuka su cika, a ambaliyar 2010 mutanen yankin sun sha wuya ƙwarai. Mu da munka san yadda zaizaya ta ci ƙasar Keita kafin furojen gyaran ƙasa na 1984 ya zo mata su yi ta ɗaukar duwatsu a kai, bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani ba. Ƴan shekarun nan an yi babban aiki da kuɗin Bankin Duniya ƙarƙashin shirin kare bakin teku da ake kira WACA, an jera duwatsu an zuba yashi tsakanin wajen Aného na Togo da wajen Grand-Popo, abin a yaba ne, amma wanda gidanshi ya riga ya shiga ruwa ba ya dawowa.

Kifin ma ya ja baya, kowane tsoho ka tambaya haka zai ce maka. Manyan jiragen kamfani na share ƙasan teku, wani lokaci da dare su matso inda ƙananan masunta ke zuba taru su yayyaga shi su wuce, ba wanda zai biya. Su ma masuntan suna da nasu laifi kuma ba zan ɓoye ba, idon jakar tarun ƙanana ne ƙwarai, yana kwaso ƴaƴan kifin da ba su kai ko yatsa ba, wanda da an bar su da sun girma sun hayayyafa. Na faɗa ma ɗan Baba haka, ya ce ya sani sarai, amma in shi ya faɗaɗa ido maƙwabcinshi bai faɗaɗa ba to shi da ƴaƴanshi ne za su kwana da yunwa. Benin da ke da teku kifin da take kamawa bai isarta, sai ta sayo daskararre daga waje. Kuma kifin kwali da muke saye a firigo nan Tawa da Yamai ba daga hannun irin su Baba ya fito ba, na manyan jirage ne.

Akwai abu guda da ya gyaru a gabana, shi ne kunkurun teku. Suna fitowa da dare su haƙa rami cikin rairayi su zuba ƙwai, akwai wani iri mai baƙin baya da kan wuce kilo 300. Da can ci ake yi, nama da ƙwai duka. Yanzu akwai masu gadi daga cikin ƴan ƙauyukan da ke aiki da ƙungiyar Nature Tropicale, suna kwashe ƙwan su kai wuri mai shinge, bayan wata biyu haka su ƙyanƙyashe a sake su ruwa, ƴan lakwal na rakiya. In kunkuru ya faɗa taru kuma ana ƙoƙarin a maida shi.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne samarin. Taru na son hannu da yawa, hannuwan kuwa suna tahiya, wasu Kwatano suna zemijan wato kabu-kabu, wasu sun bi jirage har Gabon da Kongo, wasu sun koma lambu don yanzu rairayin Grand-Popo cike yake da albasa da tumatir da karoti ana ban ruwa da motopompi. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan, mu ma abin da ya fidda mu daga Adar ke nan. Amma ranar da aka rasa masu kama igiya ba kifi kaɗai za a rasa ba, tsohuwar nan da ta koya mani ɗaura ƙyalle ina za ta samu na miya? Shi ya sa nake roƙon ƴan uwanmu da ke zamne a waɗannan garuruwa, masu butik da masu tsire da masu tallan kaya, ku riƙa sauka bakin ruwa kuna gaisawa da mutanen nan, in sun zo biɗar bashin zare lokacin da ruwa ya hana ku yi masu haƙuri, kuɗin da muke aikowa gida ana sayen hatsi da shi daga aljihunsu ya fito.

Tun da anka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 zirga-zirga ta yi wuya, gadar Gaya ba mota, sai dai mutane su ƙetare da jirgin ruwa zuwa Malanbil. Muna dai gaisawa da kawu ta WhatsApp. A saƙonshi na baya-bayan nan ya ce Baba na nan da rai amma ƙafa ta hana shi zuwa bakin ruwa, babban ɗan ne ke riƙe da tarun, kuma ba kullum suke zubawa ba sai ranar da sunka tabbata za a samu masu ja. Ƙananan ƴaƴanshi biyu sun kama lambu, sun ji labarin albasar Galmi wajen ƴan kasuwarmu, sun roƙi kawu ko zan samo masu iri mai kyau su gwada. Na riga na yi magana da wani abokina manomi a Galmi ya ce zai auna mani, abin da ya rage in samu mai tahiya Gaya amintacce da zai ƙetare da shi, in akwai wanda ke shirin sauka Kwatano cikin watan nan don Allah ya yi mani magana.